Tsohona ya daina magana tun bayan kaka

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kabu-kabu ne a cikin garin Maradi, iyayena suna wani ƙauye a wajen Agye, kuma ni ne ɗan fari. Bara da bazara tsohona ya ci bashin hatsi buhu biyu wurin wani ɗan kasuwa, a kan zai biya uku da kaka. Ruwa ya ɗauke lokacin da hatsi ya fara fidda kai, murzuna, tsutsar nan mai cin kan hatsi, ta cinye abin da ya rage. Gonar da ke ba mu dami 60 ta ba da 17. Dole ya jinginar da gonar da ya gada, kuma har yanzu bashin bai ƙare ba. Wata huɗu ke nan ya canza. Ba ya fita majalisa, ya kashe rediyonsa, sallah ma a ɗaki yake yi. Ya rame, tuwo sai ya taɓa ya ture. Ƙarfe biyu na dare ya farka, ba zai sake runtsawa ba. Abu kaɗan ya hau faɗa. Baffana ya ce rashin tawakkali ne, gwaggona ta ce sammu ne, a kai shi wurin malami. Ni kuma ina tunanin in sai da babur ɗina in biya bashin, ko zai samu sauƙi. Tsohuwata ta ce wani dare ta ji yana cewa, "Da ma in kwanta kada in tashi, ku huta." Ina jin nauyinsa, ban taɓa zama mun yi doguwar magana ba. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya yi maka albarka.

Na karanta wasiƙarka sau uku, kowane karo wuri ɗaya idona ke tsayawa: maganar da tsohuwarka ta ji da dare. Kai ka sa ta can ƙarshe, bayan lissafin dami da zancen babur. Ni da ita zan fara, don ta fi bashin gaggawa.

Ka tafi gida cikin kwanakin nan, kada ka jira ƙarshen wata. Tun kafin ka hau hanya ka kira tsohuwarka, ka ce ta duba inda yake ajiye kayan gona. Da wuya ka shiga gidan manomi ba ka tarar da ragowar maganin feshi cikin kwalba ba, ko ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhun wake, ko maganin ɓera. A kwashe su duka, a kai gidan wani amintacce a kulle, ba tare da surutu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum sama da 700,000 ne ke halaka kansu duk shekara, kuma wajen ɗaya cikin biyar maganin ƙwari suke sha, akasarinsu mutanen karkara. Irin wannan tunani kamar guguwa yake, yakan taso da ƙarfi ya lafa cikin ɗan lokaci. In gubar tana bayan ƙyaure, shi ke nan. In kuwa tana gidan maƙwabci a kulle, sai guguwar ta wuce ta bar mutum da ransa. A ƙasar Siri Lanka, da gwamnati ta hana magungunan feshi mafi guba, yawan masu halaka kansu ya ragu da fiye da rabi cikin shekara 20. Sannan kada a riƙa barinsa shi kaɗai da dare, ko ya tafi daji shi ɗaya ya daɗe. Ba gadi za a yi masa ba, a dai samu jika ko ƙane da ke kusa.

Na san maganar nan ta yi maka nauyi. Za ka ce tsohona mai sallah ne, ba zai taɓa yin haka ba. Ni ma ban ce zai yi ba. Mafi yawan masu faɗin irin wannan magana hutu suke nema daga abin da ya danne su. Amma dattijon da ya shekara da shekaru yana haɗiye damuwarsa, in har ta kai ya furta, to an daɗe ana ruwa ƙasa na shanyewa.

Abin da ka zayyana yana da suna. Likitoci suna ce masa ciwon damuwa. Kowane manomi in damana ta juya masa baya yakan yi baƙin ciki, amma za ka gan shi a majalisa yana ƙorafi, yana zagin murzuna, yana shirin lambu ko cin rani. Wannan ɓacin rai ne na lafiyayye. In kuwa mutum ya wuce mako biyu kullum zuciyarsa a dagule, abin da yake so a da ya fita daga ransa, barci ya ƙi, abinci ya ƙi, ƙarfi ya ƙare, yana ganin kansa kaya ne a wuyan iyalinsa, to abin ya zama rashin lafiya. Naka wata huɗu ne, kuma kusan ba alamar da ta rage. Mu Hausawa, maza musamman, ba mu cika cewa "ina cikin damuwa" ba. Sai dai ka ji "kaina na zafi", "ƙirjina ya yi nauyi", "wani abu na yawo a jikina". Yawan faɗan nan ma daga cikin ciwon yake, don haka ka roƙi tsohuwarka da ƙannenka kada su riƙe shi a zuci.

Kai da ka girma a gidan noma ka san abin da rumbu yake nufi ga maigida. Ka tuna safiya, uwargida ta fito da ƙwarya ta tsaya, shi kuma ya hau ya fiddo dami a sussuka. Ba a cewa komai, amma duk gidan ya san wane ne ke ciyar da shi. Yanzu ka ƙiyasta safiyar da ta fito da ƙwaryar nan, ya san rumbun saura kwana kaɗan, ita ma ta sani, ba wanda ya iya duban idon wani. Haka yake wayewa kullum. Ga gonar ubansa a hannun wani, in ya fita majalisa zai haɗu da mai bin sa bashi, da waɗanda suka san an jinginar. Shi ya sa ɗaki ya fi masa.

Kuma laifin ba nasa ba ne, ko da yake shi haka yake gani. A kudancin jiharmu jama'a ta yi yawa, gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ke raba ta, ba sauran saurar da za a bar wa ƙasa ta huta. Da kaka tiya ta faɗi warwas, lokacin ne talaka ke sai da hatsinsa don biyan bashi da hidimomi, da bazara kuma ya dawo ya saye shi da tsada ko ya ci bashi. Ba banza aka sa wa irin wannan bashi suna "a ci ba daɗi" ba. Ga rufe iyaka da Najeriya a 2019, da kuma bayan juyin mulkin 2023, wanda ya tsai da harkokin da mutanenmu ke rufa wa kansu asiri da su. Ga ɓarayin daji da suka hana na wajen Madarunfa da Gidan Rumji zuwa gonakinsu na nesa, ga ambaliyar 2024 da ta rusa gidaje. Dattawa irin tsohonka suna da yawa a ƙauyukanmu, kowa ya ja ƙyaurensa yana zaton shi kaɗai ne ya gaza.

Ina da kawu da haka ta same shi bayan yunwar 1984, wadda ake kira El-Buhari. Bisashensa suka mutu, ya sai da abin da ya rage. Ina yaro lokacin, ni ake aike in kai masa fura. Kullum zan tarar da shi zaune a inuwar rumbun da ba komai ciki, yana tufka igiyar kaba, in ta yi tsawo ya warware ya sake. Da la'asar in dawo in ɗauki ƙwaryar, ƙuda sun rufe ta, ko ludayin bai motsa ba. Manya suka ce ya yi sanyi, wasu suka ce iska ce. An yi masa rubutu, an yi turare, amma ban ga ranar da wani ya zauna gefensa ya tambaye shi abin da ke cin sa ba. Bai cika shekara biyu ba ya rasu, aka ce ciwon ciki. Har yau in na ga dattijo ya yi irin wannan shiru sai gabana ya faɗi. Shi ya sa ka ga ina matsa maka.

Baffanka kuwa, ka girmama shi, amma bai yi daidai ba. Annabi Yaƙubu, alaihis salam, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, kuma shi ne mai kyakkyawan haƙuri. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, shekarar baƙin ciki ake ce mata a tarihin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Akwai kuma addu'ar da ya riƙa yi yana neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, a cikinta ya haɗa da nauyin bashi da rinjayen mazaje. Duba yadda aka jera damuwa da bashi wuri ɗaya, kamar da tsohonka ake. Wanda ciwo ya kayar ba a ce masa imaninsa ya yi rauni, ƙara masa kaya ne a kan wanda ya kasa ɗauka. Addu'a kam a dage da ita, kuma limamin garinku zai yi maka amfani ƙwarai in ka same shi a keɓe ka yi masa bayani. Shi ne zai iya biyowa da asuba ya ce, "Malam, taso mu tafi," a yi ta haka har ƙafarsa ta sake sabawa da masallaci. Abin da ban yarda da shi ba shi ne malamin da zai ce a kawo tunkiya da jika kaza, ko ya nuna wani ɗan'uwa ya ce shi ya yi sammun. Ku da bashi ya riga ya ci, a ƙara muku da gaba a cikin dangi? Duka da mari da ɗaurin sarƙa kuwa, ko da wane suna aka zo da su, kada ka bari a kusanci tsohonka da su.

Kunyar ɗan fari gaskiya ce, ba zan ce ka yar da ita rana ɗaya ba. Mutumin da ko sunanka ba ya kira ba zai buɗe maka cikinsa don ka zo daga birni ka zauna gabansa kana tambaya ba. To ka nemi mai iya shiga inda ba ka iya shiga. Kowane dattijo yana da mutum ɗaya da yake sakin jiki da shi: abokin da suka yi cin rani tare suna samari, ko taubashinsa da ke tsokanarsa, ko wata ƴar'uwarsa da yake jin maganarta. Tsohuwarka ta san ko wane ne. Ka je ka gaishe shi da goro, ka gaya masa komai, har maganar daren nan. Ka roƙe shi ya tambayi tsohonka kai tsaye, ba kewaye-kewaye: "Na ji an ce ka ce da ma ka kwanta kada ka tashi. Shin har ka taɓa tunanin yi wa kanka wani abu?" Mutane suna tsoron wai tambayar za ta sa masa tunanin. Masana sun bincika, ba ta sawa. Sau da yawa ma sai ka ga mutum ya yi ajiyar zuciya, don an samu wanda ya ga halin da yake ciki. In ya fara magana, a bar shi ya kai aya. Kada a yi saurin rufe masa baki da "sai haƙuri". Kalma ce mai kyau, amma wata huɗu ke nan yana jin ta.

Kai kuma naka ba sai da baki ba. Ka kwana biyu ko uku a gida. Da hantsi ka ce ya raka ka ɗaya gonar, kana son ya nuna maka waɗanne kututture za a bar wa toho bana. Manoman jiharmu ne suka koya wa duniya wannan dabara ta renon itatuwa cikin gona tun daga 1983, kuma ina da tabbacin ya fi ka sanin gawo da kalgo da sabara nesa ba kusa ba. Ka nemi shawararsa a kan al'amuranka, ko da ka san amsar. Mutumin da ke ganin ba shi da sauran amfani, in ɗansa ya ce "Baba, yaya kake gani?" wani abu yakan motsa a ransa. In an samu hali a ɗaure masa jar akuya ɗaya a gida, ta zama shi ke nemo mata harawa. Fita, rana, motsa jiki da ɗan aikin da ke jiran mutum kullum suna cikin abin da likitoci kansu ke sa mai wannan ciwo ya yi.

Sai likita, kuma wannan ba na in an ga dama ba ne. In ka ce masa za a je a duba ƙwaƙwalwarsa zai ƙi, ya ce ka mai da shi mahaukaci. Ka ce a je a auna jininsa saboda rashin barci da ramar nan, kuma ba ƙarya ka yi ba, don hawan jini, ciwon suga, ƙarancin jini da tarin fuka duk suna iya kawo kasala da rama, ya kamata a duba su. Ka riga shi shiga wurin majo, wato shugaban likitar yankinku, ka faɗa masa duk abin da ka rubuto mini, kada ka ɓoye maganar mutuwa don kunya. In abin ya fi ƙarfinsa, ka nemi takardar da za ta kai ku babban asibitin Maradi, wurin ma'aikatan da suka karanci lafiyar ƙwaƙwalwa. In an ba shi magani, ka sani ba irin na zazzaɓi ba ne. Yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci fiye, kafin a ga sauƙi, kuma ana ci gaba da sha wata da watanni bayan an warware, in ba haka ba ciwon ya dawo. A nan mutanenmu ke faɗuwa, a sha kwana biyar a ce bai yi ba, a watsar. Maganin ya zauna a hannun tsohuwarka, ta riƙa ba shi na yini ɗaya kawai. Kada kowa ya sayo masa ƙwayar barci ko tiramol wurin masu talla a tire, rami ne a kan rami.

In ka ji ya ambaci hanyar da zai bi, ko ya fara rabon kayansa yana sallama da mutane, ko ya ƙi ruwa, ko yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ranar za a tafi asibiti, ko da dare ne. In kuma, Allah Ya kiyaye, wani ya sha maganin feshi, kada a ɗura masa madara ko manja, kada a sa shi amai. A ɗauke shi da kwalbar a ruga.

Yanzu babur. Kada ka sayar. Shi kaɗai ne abin da ke kawo kuɗi kullum a zuriyarku yanzu. In ka sai da shi ka biya bashin, bazara na tafe, rumbu ba komai, kai ma ba sana'a, sai a koma wurin ɗan kasuwar nan a sake cin wani. Kuma ka yi tunanin yadda tsohonka zai ji in ya samu labari cewa saboda shi ɗansa ya zauna. Mai ganin kansa kaya, ka ba shi hujja ke nan. Bashin shi ya kunna wutar, gaskiya ne, amma ciwon da ya kai wata huɗu ba lalle ya tafi ranar da aka biya ba.

Abin da bashin ke so shi ne a fito da shi fili. Yanzu yana cikin kan mutum ɗaya, yana lissafa shi ƙarfe biyu na dare, kuma kowane dare ƙara girma yake. Da izininsa, ban ce a bayan idonsa ba, ku zauna da ɗan kasuwar gaban maigari da liman. A faɗi nawa aka karɓa, nawa aka biya, nawa ya rage, a rubuta. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce in wanda ake bi yana cikin ƙunci a saurara masa har ya samu sauƙi, kuma buhu biyu a biya uku liman ya san sunansa. Bar shi shi ya faɗa, ya fi kyau a bakinsa. Ka nemi a tsai da ƙarin, a yanka ragowar kashi-kashi, kai da ƙannenka da baffan nan mai wa'azi kowa ya ɗauki abin da zai iya. Jinginar gonar ma a yi mata takarda. Dokar karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin kula da filaye, daga baya aka kafa har na matakin gari da ake kira Kofob, kuma suna ba da takardar shaidar jingina. Gonaki da yawa sun salwanta saboda an yi jingina da baki, shaidu suka mutu, aka wayi gari ana cewa sayarwa ce. Ranar da tsohonka ya riƙe takardar da ta ce gonar tasa ce, za ta dawo in an biya kaza, ina sa ran za ka ga bambanci a fuskarsa.

Don gaba, ka bincika ko akwai bankin cimaka a yankinku, ko ƙungiyar manoma mai yin warantaji, inda ake ajiye amfanin gona da kaka a karɓi rance a kansa, a sayar in farashi ya tashi. Tsohuwarka in ba ta cikin asusun Mata Masu Dubara, wanda aka faro a nan jihar Maradi a 1991, ta shiga, ko don ta samu inda za ta zauna da ƴan'uwanta mata duk mako ta sauke nata nauyin. Ita ce ke kwana da wannan al'amari, kuma ban ji ka ce wani ya tambaye ta yadda take ba. Murzuna ma ana yaƙar ta da wani ɗan ƙaramin ƙwaro da ke kashe tsutsar, masu bincike na cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, INRAN, a Tarna kusa da Maradi sun daɗe suna aiki a kai. Ka tambayi malamin gona kafin damana.

Kai ma ka kula da kanka. Mai tuƙa babur cikin Maradi da tunani a ka da rashin barci yana cikin hatsari, shi da wanda ya ɗauko. Ka samu aboki ɗaya ka gaya masa abin da ake ciki.

Ranar da ka isa, kada ka tayar da zancen bashi ko likita. Ka gaida shi yadda ka saba, ka ajiye masa goronsa, da dare ka ɗauki tabarmarka ka shimfiɗa kusa da ƙofar ɗakinsa. In ya farka ƙarfe biyu ya ji motsinka, ka ce kai ma barcin ya ƙi, ka hura wuta ka ɗora shayi. Bayan mako biyu ka sake rubuto mini, ina son in ji abin da majo ya ce, da kuma ko ya fara cin tuwon dare.